Bauchi Ba Ta da Teku, Amma Tashoshinta Na Jiran Mai Zane

A watan Maris na 1929, wani dattijo Bafaranshe mai suna Paul Signac, yana da shekara 65 a duniya, ya ɗauki takardunsa da akwatin fenti ya kama zagayen gaɓar ƙasarsu. Yarjejeniya suka ƙulla da wani attajiri, Gaston Lévy, wanda daga baya yana cikin waɗanda suka kafa kantunan Monoprix. Attajiri zai ɗauki nauyin tafiya, shi kuma zai zana tashoshin jiragen ruwa 100 na Faransa, zane biyu a kowace tasha, ɗaya na mai kuɗi, ɗaya na mai zane. Aikin ya kai shi har 1931.

Ba a cika shekara 15 ba yaƙin duniya na biyu ya bi ta kan garuruwan. Bama-bamai sun baje Le Havre a Satumban 1944, Saint-Malo ta ƙone a Agustan shekarar, Brest da Lorient suka zama kufai, tsohuwar unguwar bakin tashar Marseille kuwa tun 1943 sojojin Jamus suka sa mata nakiya. An sake gina su, amma da siminti da sabon fasali. Jiragen kamun kifi masu tafiya da ƙyallen iska su ma inji ya kore su. Mai son ganin launin waɗannan tashoshi da irin jiragen da ke kwana a cikinsu kafin yaƙi, takardun dattijon nan na cikin abin da zai nema.

Mai karatu a Bauchi zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda daga Wunti zuwa Apapa ya fi kilomita 1,000. Amma zumuncin garin da bakin teku ya fi yadda ake zato. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta fara aiki a 1955, lokacin da ministan sufuri na tarayya malamin makarantar nan ne ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. A shekarar ce ya je Amurka ya duba yadda ake dakon kaya a kogin Mississippi, hankalinsa yana kan Kwara da Binuwai. Bashin farko da Najeriya ta karɓa daga Bankin Duniya, dala miliyan 28 a 1958, na layin dogo ne, kuma da shi aka miƙa layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe zuwa Barno. Jirgi ya iso Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964. Gyaɗa da auduga da fata suka riƙa gangarawa Fatakwal, siminti da gishiri da kananzir suna hayowa.

Yau shekaru ke nan jirgin fasinja bai yi kuka a tashar Bauchi ba. Ciyawa ta cinye layi, ƙarafa sun yi tsatsa. Wanda ya fita neman zane guda ɗaya da ke nuna tashar a zamanin da take cike da 'yan dako da masu tallan rake, zai sha yawo. Garin ya yi sakaci da wuraren da ake lodi da sauke kaya, wuraren da abincinsa ke shigowa, kuma sakacin bai ƙare ba. Wasu 'yan tsirarun masu zane na Faransa da Beljiyam, shekara 130 da suka wuce, sun nuna hanya mai sauƙin kuɗi ta magance shi.

Jagoransu Georges Seurat ne, saurayi mai shiru-shiru wanda ya rasu a 1891 yana da shekara 31. Ya karanta binciken masanin sinadarai Chevreul da na Ba'amurke Ogden Rood kan yadda launi ke sauya launin da ke maƙwabtaka da shi, sai ya daina cakuɗa fenti a faranti. Yakan ɗiga shuɗi tsantsa kusa da ruwan lemo tsantsa, ɗigo bayan ɗigo, ya bar idon mai kallo ya yi haɗin. Mai ɗinkin hula a Bauchi zai gane wannan nan take: a hannunsa zare ja ne da kore da fari, kowanne da gurbinsa, amma a kan mai tafiya masallacin Juma'a, daga nesa, launi ɗaya ne mai ƙyalli wanda babu shi a cikin ko ɗaya daga zaren. A 1886 marubuci Félix Fénéon ya raɗa wa salon suna Niyo-Imfireshanizim. Jama'a dai suka ci gaba da kiransu masu ɗige-ɗige.

Kusan duk bazara Seurat yakan bar Faris ya tafi gaɓar arewa: Grandcamp a 1885, Honfleur a 1886, Port-en-Bessin a 1888, Le Crotoy a 1889, Gravelines a 1890. Abin da ya dawo da shi ba hoton guguwa ba ne ko yaƙin jirage, irin wanda sarakunan Turai ke rataye wa a fada. Katangar tasha ce, da turken ɗaure jirgi, da hasumiyar fitila, da anka a yashe a kan yashi. Signac kuwa matuƙin jirgi ne na gaske, ya mallaki ƙananan jirage kimanin 30 a rayuwarsa. A 1892 ya shigo Saint-Tropez da jirginsa Olympia, lokacin garin ƙauyen masunta ne da 'yan dakon giya da itace, ya ga wuri ya zauna. Ya zana Marseille da Rotterdam da Venice, ya je Santambul a 1907 ya zana jirage a gaban hasumiyoyin masallatai. Tun da ya san aikin kowace igiya a jikin jirgi, ba ya zana wadda ba ta ɗaure komai.

Sai dai zanen fenti ɗaya ne tak, wanda ya saya ya kulle a falonsa. A Nuwamban 2022 an sayar da zanen da Signac ya yi wa jiragen masunta na Concarneau a kan fiye da dala miliyan 39 a New York. Babu jikan masunci da zai ƙara ganinsa sai a littafi. Su kansu masu zanen wannan abu ya dame su, domin da yawansu 'yan gwagwarmayar talakawa ne. Abokinsu Maximilien Luce, wanda ya fara da koyon sassaƙa hoto a katako don jaridu, har gidan yarin Mazas ya kwana a 1894 bayan kisan shugaban ƙasa Sadi Carnot, lokacin da hukuma ke kamun duk wanda take zargi da ra'ayin tawaye. Shi ne mai zana 'yan dako a bakin ruwa da ma'aikatan narka ƙarfe na Charleroi. Shi da Signac da Théo van Rysselberghe ɗan Beljiyam sun riƙa ba jaridar abokin gwagwarmayarsu Jean Grave hotunan bugu kyauta don ta sayar ta rayu. Bugu shi ne hanyarsu ta kai zane ɗakin wanda ba shi da falo.

Yadda ake zanen asid a faranti abu ne da ya kamata kowane maƙerin fari ya gani da idonsa, don rabin aikin ya riga ya iya. Ana samun farantin jan ƙarfe a goge shi har ya yi sheƙi, a ɗumama, a shafe shi da haɗin kakin zuma da kwalta. Wasu kan bi shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi ƙirin. Sai mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan kakin. Ba ƙarfen yake sassaƙawa ba, kakin kawai yake yayewa, shi ya sa hannu ke gudu ba tare da ƙarfi ba, duk inda allura ta bi jan ƙarfe ya leƙo. Daga nan a tsoma farantin cikin ruwan asid. Asid ba ya taɓa inda kaki ya rufe, layukan da aka buɗe kaɗai yake ci. Nan gwaninta take. Layukan sararin sama da gaɓar can nesa minti kaɗan ake ba su, a ciro faranti, a rufe su da fenti, a mayar. Cikin jirgin da ke gaba da inuwarsa a ruwa su ake bari asid ya ci ya yi zurfi. An gama, a wanke kaki, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman faranti da ƙyalle sannan da tafin hannu, a ɗora takarda mai damshi, a rufe da bargo, a tura tsakanin ƙarafa biyu masu naɗi. Matsin ne ke sa takarda ta shiga ramuka ta tsotso tawada. In an ɗaga ta, hoton ya fito a juye, dama ta koma hagu, tawadar kuma ta yi tudu har yatsa na jin ta. A sake shafa tawada, a sake bugawa, sau 50, sau 100.

Gaskiyar magana, masu ɗige-ɗige ba su yi zanen asid da yawa ba. Salonsu na launi ne, allura kuwa layi take bayarwa. Seurat fenti da baƙin alli ya riƙe har ya mutu. Signac ya fi karkata ga bugun dutse mai launi, farantansa na asid 'yan kaɗan ne. Amma kaɗan ɗin da suka yi sun amsa wata tambaya mai wuya: ta yaya za a nuna hasken rana a kan ruwa da tawada kala ɗaya? Amsarsu ita ce a daina jan layi mai tsawo. Gajerun karce ne birjik, a cunkushe inda ruwa ke da duhu, a warwatse inda rana ta faɗa, farin takarda shi ne hasken. Akwai kuma dabarar barbaɗa garin danƙon itace a faranti a narkar da shi, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin, ya bar ɗigo dubbai waɗanda ke ba da inuwa mai laushi. Van Rysselberghe ya fi su riƙe wannan fanni. Ya buga jiragen masunta na Holan, kuma farantinsa na ayarin jiragen kamun kifi ya fito a 1894 cikin kundin L'Estampe originale, wanda André Marty ya riƙa fitarwa daga 1893 zuwa 1895, kowane hoto kwafi 100. A kundin ne kuma Signac ya ba da bugunsa na Saint-Tropez. Malaminsu a wannan hanya ɗan Holan ne, Jongkind, wanda ya buga mashiga da mafitar tashar Honfleur a farkon shekarun 1860 da karce mai sauri kamar wanda ake jira. Signac ya girmama shi har ya rubuta littafi a kansa a 1927.

Wanda ke ganin wannan sana'a baƙuwa ce ya sa hannu a aljihu. Tudun da yatsa ke ji a kan takardar naira 500 ko 1,000, wanda 'yan canji da 'yan kasuwa ke shafawa don bambance ta da jabu, bugun faranti ne, tawadar da aka tsotso daga ramin ƙarfe. Kuma abin lura ne cewa hotunan aikin talaka da suka fi yawo a Arewa a jikin kuɗi suke: masunta da kifinsu a bayan naira 50, Ladi Kwali da tukunyarta a bayan naira 20, dalar buhuna da shanu a bayan naira 200.

Dalar buhunan nan ita kanta darasi ce. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda su Alhassan Ɗantata suka tara, ta ɓace tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan jarida, abin da ya rage 'yan hotunan kyamara ne, galibi baƙi suka ɗauka. Tsohuwar Busa, tashar kwalekwale a bakin Kwara inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse ƙarƙashin ruwan Kainji a 1968. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ja baya ya bar Baga a tudu, sannan rikici ya tarwatsa kasuwar kifin da ke ciyar da Bauchi da banda. Kowanne daga cikinsu ana ganin zai dawwama, har ranar da aka wayi gari babu.

To, me Bauchi ke da shi yanzu? Akwai madatsar ruwan Gubi, 'yar tafiya kaɗan arewa da gari, inda famfon birni ke sha. Da asuba lokacin hunturu hazo kan kwanta a kan ruwan, duwatsun kewaye su zama inuwa a bayan inuwa, kwalekwale ya fito baƙi siriri, masunci ya wurga birgi ya buɗe a sama kafin ya faɗa. Launi bai fi uku ba a wurin, kuma dukkansu toka-toka ne. Da wuya a samu abin da ya dace da faranti da tawada kala ɗaya kamar wannan. Akwai gadar Dindima a kan kogin Gongola, hanyar Gombe, inda ruwa ke cika da damina ya koma rairayi da rani, masu ɗibar yashi su shiga da tifa.

Sai kuma kasuwar Muda Lawal, wadda ita ce ta gaji aikin tashar jirgi. A nan manyan motoci ke jeruwa hanci da wutsiya, an lulluɓe su da tamfol an ɗaure da igiya, ana sauke doya da lemo da ayaba da manja daga kudu, ana loda hatsi da albasa. Katakon hawa a jingine da bayan mota, buhuna a jibge sun fi mutum tsayi, baro da amalanke suna kutsawa, ɗan kamasho yana kiran gari, yaron mota yana barci a ƙarƙashin tirela. Duk abin da Luce ya je Rotterdam nema yana nan: nauyi, da ƙura maimakon hayaƙi, da layukan igiya masu ratsa sararin sama. Tsofaffin gingimari masu bodin katako da zanen zaki a bayansu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin gadar sama ya riga ya sauya fuskar Wunti, yaron da ke firamare yau ba zai san yadda shataletalen yake a da ba. Ba laifi ba ne gari ya sauya. Laifin shi ne ya sauya ba tare da wani ya zauna ya dube shi da kyau ba.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Ta farko ta addini ce, ita ce kuma ta fi nauyi a gidajen Bauchi. Iyaye da yawa ba sa son ɗansu ya karanta zane don tsoron hukuncin surar mai rai. Fatawa fagen malamai ce, ba ta shafin jarida ba. Amma sananne ne a Buhari da Muslim cewa wani mai cin abinci da yin hoto ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa mafita a itatuwa da abin da ba shi da rai. Zanen tasha ya faɗa cikin wannan mafita daidai. Abin da masu kallo suka daɗe suna mamaki a tashoshin Seurat shi ne kusan babu mutum a cikinsu. Katanga ce da ruwa da sandunan jirgi, amma mai kallo ya san yanzu aka tashi daga aiki, gobe kuma za a dawo. Ɗalibin da ba ya son zana fuska yana iya cika kundi da kwalekwalen Gubi a ɗaure, da taragon da ya mutu a kan layi, da buhunan da ke jiran mota, ya kuma faɗi labarin masu aikin sarai ba tare da ya zana ko ɗayansu ba. Wanda fahimtarsa ta ba shi damar sa mutane, ga 'yan dako nan.

Ta biyu ita ce waya. Kowa na da kyamara a aljihu, me za a yi da allura da asid? Sai a tambayi mai wannan hujja ina hotunan da ya ɗauka shekara goma da suka wuce. Waya ta faɗa ruwa, ko an sace, katin ajiya ya lalace, shafin Facebook ya rufe. Mai zane Rembrandt ya rasu a 1669, amma farantansa da dama na jan ƙarfe suna nan, takardun da ya buga da hannunsa kuma suna gidajen tarihi ba su kwaɗe ba. Ban da daɗewa ma, kyamara tana kwasar duk abin da ke gabanta cikin ƙiftawar ido, mai ita bai ga komai ba. Mai zane kuwa sai ya wuni a Muda Lawal, ya gane dalilin da ya sa ake ɗaure tamfol ta wannan ɓari, ya san wace mota ce ta Gboko wace ce ta Onica, ya zaɓi abin da zai sa da wanda zai bari. Zaɓin nan shi ne shaidar da jikoki za su karanta. Hoton waya yana da amfaninsa, mai zanen ma zai yi aiki da shi, amma ba ya maye gurbin zaman.

Ta uku ita ce yunwa: ana fama da tsadar masara wa ke ta zane? Amsar ita ce wannan sana'a ce, kuma mai rahusar jari. Injin bugun ƙarafa biyu ne masu naɗi, da shimfiɗar ƙarfe, da mariƙi. Ba ya shan wuta ba ya shan fetur, kuma masu walda da injin gyaran ƙarfe na Bauchi za su iya ƙera shi in an ba su awo. Ko daga waje aka sayo, kuɗinsa bai kama ƙafar mota ɗaya daga cikin jerin gwanon manya ba. Ba dole sai jan ƙarfe ba, tutiya da alminiyam suna yi. Tsofaffin farantan alminiyam da maɗaba'u ke sayar wa 'yan gwangwan bayan sun gama buga kalanda da fosta ana iya karce bayansu da allura a buga. Ba dole kuma sai asid mai ƙona hannu ba, masu bugu a yau suna cin tutiya da alminiyam da shuɗin gishirin jan ƙarfe haɗe da gishirin miya a ruwa. Faranti ɗaya ya ba da kwafi 50, kowanne a farashin da malamin makaranta zai iya saya. Baƙon da ya je Yankari ya yi wanka a Wikki, ko ya ziyarci kabarin Tafawa Ɓalewa, me yake samu ya saya ya tafi da shi wanda ke nuna garin? Ɗan Bauchi da ke aiki a Abuja ko Jidda me zai rataya a ɗakinsa?

Hannun da zai yi aikin ma ba sai an yi odarsa ba. Zane a ƙasar Bauchi ya girmi garin kansa, ga shi nan a jikin duwatsun Geji da Shira da Shadawanka. Masu zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi sun san yadda ake cika fili da gajerun layuka. Masu sassaƙa hatimin roba a bakin titi kullum rubutu a juye suke yi, abin da ke ba sabon ɗalibin bugu wahala. Masu zayyanar allo sun san awo da haƙuri. Kuma babban mai bugun faranti na Najeriya a Arewa ya yi karatu. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ɗan kwalejin Zariya ne, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarar Bature a zuba mata abin gida. A 1967 asid ya yi wa wani farantinsa ɓarna, ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, da ya buga sai ya ga hoton ya fito da tudu da kwari irin wanda bai taɓa gani ba. Daga ɓarnar nan ya fitar da salon da duniya ta san shi da shi. A shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka kan Sahel da gurgusowar hamada, tun 1998 kuma yake tara masu zane duk shekara a garinsu Agbarha-Otor cikin jihar Delta yana koya musu. Zariya ta ci gaba da yaye gwanaye, irin su marigayi Gani Odutokun da Jerry Buhari. A cikin Bauchi kanta, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana da sashen koyar da fasahar zane da ƙira, matsuguninta na dindindin kuma a Gubi yake, kusa da ruwan.

Abin da ya hana ruwa gudu kasuwa ce. Zanen da ke ci a yau fuskar manya ce: hoton mai girma da babbar riga a miƙa masa ranar ƙaddamarwa, a tafa, a ajiye a bayan kabad in wa'adinsa ya ƙare. Yaro mai hannu ya gane inda kuɗi yake, ya koma buga bana da fostar zaɓe a kwamfuta. Ba a ga laifinsa ba, tuwo yake nema. Laifin na masu saye ne, waɗanda ba su taɓa tunanin cewa tashar da dukiyarsu ta fito ta cancanci bango ba. Attajiran da suka yi arziki da tireloli da hatsi da man fetur a garin nan ba su da iyaka. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya ɗauki nauyin matasa biyar na shekara guda, a ba su jerin wurare 30 daga Gubi zuwa Dindima, daga Muda Lawal zuwa tashar jirgi da Babbar Kasuwa, a buga kowane faranti kwafi 50, a raba tsakanin mai kuɗi da mai zane, a ajiye kwafi ɗaya-ɗaya a gidan tarihin da ke kabarin Tafawa Ɓalewa. Ƙungiyar direbobi ma, da ke karɓar kuɗin tasha kullum safiya, tana da ƙarfin yin haka wa tashoshinta.

Amma kafin a kai ga attajiri sai an samu inda za a koya. Wannan nauyi yana kan jami'a da kwalejojin jihar da ma'aikatar al'adu. Duk shekara ana rubuta kasafin kuɗi, ana ware na taro da na tafiye-tafiye. A na baɗi, a sa injin bugu ɗaya, da farantai, da takarda mai kyau, da kuɗin gayyato gwani daga Zariya ya yi wata uku yana koyarwa, a kuma buɗe ƙofar ajin ga masu hatimi da masu zanen mota, ba 'yan jami'a kaɗai ba.